Da Super Eagles sun je Afirka ta Kudu a 1996, da Okocha ya zama gwarzon Afirka?

Ɗan'uwa, ka tambaya wai da Abacha bai hana Super Eagles zuwa gasar cin kofin Afirka ta 1996 ba, da mun sake ɗauko kofin? Kuma da hakan ya sa an ba Jay-Jay Okocha kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, wadda har ya ajiye takalmi bai taɓa samu ba? Wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don na fi shekara ashirin ina wannan musun da abokai, kuma inda na tsaya ba nan yawancin mutane suke tsayawa ba. Ni a wajena kofin 1996 muna da dama babba a kai amma ba tabbas ba, shi kuwa Okocha ba 1996 ce ta cuce shi ba, 1998 ce. Bari in bi maka abin daga tushe.

Saboda yaran da ba su riski zamanin ba, ga yadda aka yi. Mu ne ke riƙe da kofi, mun ɗauko shi a Tunisiya a Afrilun 1994, muka doke Zambiya 2-1 a fainal, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun. A watan nan FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya, matsayin da har yau babu ƙasar Afirka da ta haura shi. Sai ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan Ogoni a Fatakwal, duniya ta yi ca, aka dakatar da mu daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Mandela ya fito ƙarara yana kira a ƙaƙaba wa gwamnatin takunkumi. Gasar kuwa dama Kenya aka ba, ta kasa, aka mayar Afirka ta Kudu. Ana dab da farawa sai gwamnati ta ce ba za mu je ba, wai ba ta aminta da tsaron 'yan wasanmu a can ba, amma kowa ya san rigimar Abacha da Mandela ce. Gasar da aka shirya da ƙasa 16 karon farko sai aka buga ta da 15, sannan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ce tunda mun ƙi zuwa, to ta 1998 a Burkina Faso ma ba mu a ciki. Gasa biyu kenan a jere, a daidai lokacin da muke da 'yan wasan da ba mu taɓa tara irinsu ba.

To yanzu mu ɗauka mun je. Rukunin C aka sa mu, mu da Gabon da Zayar da Laberiya, a Durban. Laberiya tana da George Weah wanda a lokacin ya gama lashe Ballon d'Or na 1995, amma mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da ba mu je ba ma a rukunin suka tsaya. Gabon ce ta zo ta ɗaya, Zayar ta biyu. Ba na jin akwai mai hankalin da zai ce ba za mu haye wannan rukunin a sama ba. Idan muka hau kujerar Gabon, kwata fainal da Tunisiya za mu yi, wadda Gabon ɗin ma sai a bugun fenareti ta fitar da ita bayan an tashi 1-1. Daga nan sai Zambiya ta Kalusha Bwalya a wasan kusa da na ƙarshe, wato maimaicin fainal ɗin 94, kuma Kalusha a wannan gasar yana kan ganiyarsa, ƙwallo 5 ya ci ya fi kowa. Zambiya ba kanwar lasa ba ce, sun fitar da Masar 3-1, amma Tunisiya ta zura musu huɗu, wanda ya nuna maka bayansu a buɗe yake, to ina ga a ce Finidi a dama, Amunike a hagu, Amokachi yana tahowa ta tsakiya kamar bijimi. Har fainal dai ni ban ga mai tare mu ba.

Ka duba inda yaranmu suke a Janairun 96 ɗin. Finidi George da Kanu sun ɗauki kofin zakarun Turai da Ajax wata takwas kafin nan. Amokachi ya ci kofin FA da Everton, shi ne ya shigo daga benci ya zura wa Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Oliseh yana Jamus a Cologne, Ikpeba a Monaco, Amunike a Sporting, Taribo West a Auxerre wadda ta ƙare kakar da lig da kofin Faransa gaba ɗaya, Uche Okechukwu a Fenerbahce, Babayaro yaro ɗanye a Anderlecht, Tijani Babangida namu na Kaduna yana tashe a Roda. Babu ƙasar Afirka da za ta iya jero irin wannan a takarda a lokacin, har Gana mai Abedi Pele da Tony Yeboah.

Fainal ɗin ce matsalar, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa ai kofin namu ne kawai an ba Bafana Bafana, tim ɗin Afirka ta Kudu, aro. Na yarda tarihi yana wajenmu. A 1992 mun yi musu 4-0 a Legas a neman gurbin kofin duniya, a 2000 Babangida ya zura musu biyu muka fitar da su 2-0, a 2004 mun sake yi musu 4-0 a Tunisiya. Amma ka lura babu ɗaya daga waɗannan da aka buga a gidansu, wanda muka je Johannesbag a farkon 93 kuwa canjaras aka tashi 0-0. Birnin nan yana kan tudu, kusan mita 1,700 sama da teku, iska ba ta da nauyi, numfashi yana yi wa baƙo wuya, mu kuma da mun shafe makonni a Durban a bakin ruwa. Sannan ƙasar gaba ɗaya tana cikin wani irin yanayi, wata bakwai kafin nan suka ci kofin duniya na zari-ruga a gida, Mandela da kansa yana zuwa fili sanye da rigar 'yan wasa, mutum wajen dubu 80 suna ihu. Kuma tim ɗin Clive Barker ba ta wasa ba ce, Lucas Radebe da Mark Fish da kyaftin Neil Tovey a baya, Doctor Khumalo da Shoes Moshoeu a tsakiya, Masinga da Bartlett a gaba. Sun buɗe gasa da yi wa Kamaru 3-0, suka yi wa Gana 3-0, duk da Abedi bai buga ba saboda rauni. A fainal Mark Williams ya taso daga benci ya ci biyu cikin minti biyu. Ina tunawa cikin azumi ne ma, 3 ga Fabrairu, muna bi a rediyo ranmu duk a ɓace don mun san gurbinmu ne Tunisiya ta shiga.

Ga kuma namu halin. Tun da Westerhof ya tafi bayan kofin duniya na 94 ba mu sake samun koci da ya zauna daram ba, yau wannan gobe wancan, ga rigimar alawus da ba ta ƙarewa, ga manya irin su Keshi sun fara gajiya ba a gama miƙa wa yara ragama ba. Ka haɗa da cewa da mun je, to mu ne abokan gabar kowa a filin nan saboda siyasa. In ka matsa min in faɗi ra'ayina, zan ce a cikin fainal goma za mu ci shida su ci huɗu. Rinjaye ne amma ba irin wanda mutum zai rantse a kai ba.

Kafin in zo kan Okocha akwai mutumin da kullum ake mantawa da shi a wannan hirar, kuma shi ya fi ba ni tausayi, marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna. Yekini ya ci ƙwallo 13 a gasar kofin Afirka, ɗaya a 88, uku a 90, huɗu a 92, biyar a 94. Tarihin da Laurent Pokou na Kwaddibuwa ya kafa tun 1970 kuwa 14 ne. Ƙwallo ɗaya ya rage ya kamo shi, biyu ya wuce shi. Na san a 96 rauni ya fara cinsa, shekarunsa 32, ba Yekinin 93 ba ne, amma mutumin da ya ci wa Najeriya 37 ka ce ba zai samu biyu ba a wasa da Gabon da Laberiya da Zayar, ko daga benci? Bai sake buga gasar ba har ya bari. Tarihin Pokou ya zauna har 2008 kafin Eto'o ya karya shi. Allah ya jiƙan Yekini, wannan kam an tauye shi ƙiri-ƙiri.

To Jay-Jay. Mutane suna ɗaukan Okochan da suka sani a Bolton ko a Faransa 98 su mayar da shi Janairun 96, alhali ba haka abin yake ba. An haife shi a Agustan 1973, kenan shekararsa 22 a lokacin. Eh duniya ta san shi tun 93 da ya yi ta wasa da Oliver Kahn da 'yan bayan Karlsruhe kafin ya zura ƙwallon nan, amma kulob ɗinsa Eintracht Frankfurt yana cikin masifa, tun rigimar da suka yi da koci Jupp Heynckes, shi da Yeboah da Gaudino, abubuwa ba su sake daidaita ba, kuma a ƙarshen kakar 96 ɗin suka faɗo daga Bundesliga. A Super Eagles ma bai gama zama mai gida ba, a kofin duniya na 94 sai wasan Italiya aka fara da shi. Da mun ci kofin 96, hasken zai fi tafiya kan masu zura ƙwallo, Amokachi ko Amunike ko Finidi. Sannan uwa uba, shekarar 96 ta riga ta zama ta Kanu. Wanda ya ga abin da ya faru a gasar Olamfik ta Atlanta ya san haka, Brazil tana gaba 3-1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90 sannan ya ci ta zinare, muka je muka doke Ajantina 3-2 ranar 3 ga Agusta. Okocha ya taka rawa sosai a can, ya ci Japan ya ci Meziko, shi ne ma ya yi dogon jifan da ya haifar da farkewar Kanu, amma babu kofin Afirkan da zai ƙwace kyautar 96 daga hannun Kanu ya ba shi. Wani lokaci ma nakan yi tunanin ko haushin hana su zuwa Afirka ta Kudu ne ya ƙara wa yaran nan yunwa a Atlanta, don ita kaɗai ce ƙofar da ta rage musu su nuna kansu a shekarar.

Yanzu zo mu je 1998, inda ainihin asarar take. A Fabrairun 98 Okocha yana da shekara 24, yana Fenerbahce, ya ci ƙwallo wajen 30 a kaka biyu daga tsakiyar fili, firikik ya zame masa kamar fenareti, lamba 10 ta zama tasa babu mai ja. Kanu yana farfaɗowa daga aikin zuciyar da aka yi masa a Amurka a ƙarshen 96, Amunike gwiwa ta hana shi sakat a Barcelona, Yekini ya manyanta. Kenan tim ɗin a kafaɗar Okocha za ta rataya, shi da Oliseh da Finidi da Ikpeba wanda shi ne gwarzon Afirka na 97. Gasar kuma a maƙwabta ake yi, Wagadugu da Bobo Dioulasso, zafi da ƙurar hunturu irin namu, 'yan kallo daga Sakkwato da Kabi da Kano za su iya bi ta Yamai a mota su cika fili. Wani abin takaicin ma, koci Philippe Troussier da ya samo mana gurbin zuwa kofin duniya a 97, shi ne ya koma ya ja Burkina Faso har wasan kusa da na ƙarshe da 'yan wasan da ba su kai rabin namu ba. Masar ce ta ci kofin, ta doke Afirka ta Kudu 2-0, Hossam Hassan da Benni McCarthy kowa ya ci bakwai.

Me ya sa na nace a kan wannan gasar? Saboda a ƙarshen shekarar da aka zo zaɓen gwarzon Afirka, Mustapha Hadji na Maroko ne ya zo na ɗaya, Okocha na biyu, kuma tazarar ƙuri'un 'yar kaɗan ce. To duba abin da kowa ya kawo gaban masu zaɓe. A kofin duniya Hadji ya ci Norway ƙwallo mai kyau, amma Maroko a rukuni ta tsaya. Mu kuwa mun doke Sifaniya 3-2, mun doke Bulgeriya 1-0, mun zo na ɗaya a rukuni, Okocha ya yi abin da ya sa PSG ta zuba maƙudan kuɗi ta saye shi, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan Afirka da su ba a lokacin. To da me Hadji ya fi shi? Da Burkina Faso. Hadji ya je, ya ci Masar da wata ƙwallo ta alkafura ana dab da tashi, ita ce kaɗai rashin nasarar da masu ɗaukar kofin suka yi a gasar, duk Afirka ta gani. Okocha yana Istanbul yana kallo. Ba sai mun ci kofin ba fa, da ya je ya buga wasa huɗu ko biyar ya yi irin abin da ya saba, ya ci firikik ɗaya ko biyu, wallahi wannan 'yar tazarar ta rufe. A kan wannan ba ni da shakka ko ɗaya.

Akwai kuma wata riba da za mu samu wadda ba a cika magana a kai ba. Mun shiga kofin duniya na 98 ba mu buga wata babbar gasa ta manya ba tun farkon 95, an kawo koci Bora Milutinovic 'yan watanni kafin a fara, bai san waye waye ba. Wasannin share fage Yugoslabiya ta yi mana 3-0, Holan ta yi mana 5-1, alamar bayanmu da gola akwai gyara amma lokaci ya ƙure, aka kira Peter Rufai daga hutu ya zo ya tsare raga. Da an yi sati uku a Burkina ana gwabzawa, da tun Fabrairu an ga ɓarakar. Sai ga Denmak ta yi mana 4-1 a zagaye na biyu, biyu daga ciki kafin minti 15, mu muna can muna lissafin haɗuwa da Brazil. Babangida ne ya ci mana ta share hawaye. Ko a wasan nan da aka ragargaza mu, wanda ya kalla zai gaya maka Okocha ya yi abin kallo. Da mun tsallake Denmak muka haɗu da Brazil ɗin Ronaldo a kwata fainal, ko an fitar da mu, sunansa ya wuce inda ya tsaya. Abacha kansa ya rasu ranar 8 ga Yuni, kwana biyar kafin wasan Sifaniya.

Amma fa kada mu ɗora wa siyasa komai, don gaskiya ɗaya ce. Okocha ya sake samun dama har sau biyu. A 2000 a Legas, fainal da Kamaru, suna gaba 2-0 ta hannun Eto'o da Mboma, Raphael Chukwu ya rage, Okocha ya narka wata daga nesa da ƙafar hagu ta zama 2-2, aka je fenareti, ta Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi rafali bai bayar ba, Kamaru ta ɗauka 4-3, Mboma ya zama gwarzon shekarar. A 2004 a Tunisiya shi aka zaɓa ɗan wasan da ya fi kowa a gasar, ya ci huɗu, har da firikik ɗin da ya farke wa Kamaru a kwata fainal muka fitar da su 2-1, amma masu gida suka cire mu a fenareti muka ƙare na uku. BBC ta ba shi tata kyautar a 2003 da 2004, CAF kuwa Eto'o ta ba duka biyun. A nan matsalarsa kulob ne. Eto'o yana cin ƙwallo a Mallorca ya wuce Barcelona, Drogba ya taso daga Marseille zuwa Chelsea, shi kuwa yana Bolton yana fama da su kada su faɗo, mafi girman abin da ya kai su shi ne fainal ɗin kofin lig na 2004 da Middlesbrough ta doke su, sai gurbin shiga gasar Turai daga baya. Masu zaɓe ƙwallaye da kofuna suke ƙirgawa, ba yanka da gwaninta ba, kuma Okocha bai taɓa cin lig a wata babbar ƙasar Turai ba. Shi ya sa 98 ta zama daban, ita ce shekara ɗaya tilo da komai ya haɗu masa, ƙarfin jiki, kofin duniya, babban ciniki, ga babu wani ɗan Afirka da ya yi zarra a kulob, abu ɗaya kawai ya rasa kuma ba laifinsa ba ne.

Shin kyautar za ta canja inda ya je bayan nan? Ina ganin kaɗan. PSG ta riga ta saye shi kafin a yi zaɓen, kuma salon wasansa na mai son 'yanci a fili ba kowane babban koci ke iya haƙuri da shi ba, Sam Allardyce, kocinsa a Bolton, shi ne ya gane ya sakar masa mara. Abin da zai canja shi ne yadda ake lissafa shi. Yekini 93, Amunike 94, Kanu 96, Ikpeba 97, Kanu 99, ka ga gurbin 98 ne kawai ya rage a ce 'yan Najeriya sun riƙe ta shekara huɗu a jere, kuma wanda ya fi su duka iya taɓa ƙwallo shi ne babu sunansa a jerin. Bayan Kanu sai da muka jira har 2023 kafin Osimhen ya dawo mana da ita.

Kofin kansa kuwa shekara 19 muka yi muna nema. Sai ranar 10 ga Fabrairun 2013 Keshi, yana koci, ya ɗauko shi da ƙwallon Sunday Mba, a Johannesbag, a filin nan dai da aka yi fainal ɗin 96, kuma Burkina Faso muka doke. A ranar Okocha ya kusan shekara biyar da daina wasa, Yekini kuma wata tara da rasuwa.